Yadda Ake Gano Yawan Niyutiron a Atam da Aisotof

Lissafin kansa ɗebewa ce kawai. Ka ɗauki lambar nauyi, wato A (jimillar furoton da niyutiron, ƙwayoyin da ke tsakiyar atam), ka cire lambar atam, wato Z, abin da ya rage shi ne yawan niyutiron. Sodiyam mai A 23 da Z 11 yana da niyutiron 12. Wannan ba ya kayar da kowa. Inda na sha ganin ɗalibai masu shirin WAEC da JAMB suna tuntuɓe shi ne wajen zaɓen lambar da za a cire daga cikinta.

Fara da Z. Ita ce yawan furoton, kuma ba ta canzawa ga sinadari guda: kabon 6 ne ko'ina. Jadawalin sinadarai da ke bayan littafinka ya ishe ka, ba sai ka sayi babban na bango ba.

Sai A, kuma a nan gizo ke saƙar. Lambar nan mai ɗigo da ke ƙarƙashin sinadari a jadawali ba lambar nauyi ba ce, matsakaicin nauyin aisotof-aisotof ɗinsa ne, wato ire-iren atam ɗin sinadarin masu yawan furoton iri ɗaya amma yawan niyutiron daban. Dubi kulorin, 35.5. Yaro zai cike ta zuwa 36, ya cire 17, ya rubuta 19 hankalinsa kwance. Alhali kulorin na yau da kullum iri biyu ne: kulorin-35 mai niyutiron 18, kusan kashi 75 cikin ɗari, da kulorin-37 mai niyutiron 20, sauran kashi 25 ɗin. Haɗuwarsu ce ta haifar da 35.5. Haka jan ƙarfe, 63.5, aisotof ɗinsa na yau da kullum 63 da 65 ne, 64 ba ya cikinsu. Cikewa tana aiki ga sodiyam, 22.99 ta koma 23, shi ya sa ɗalibai ke ɗauka doka ce. A ajina na hana ta, sai in tambaya ba ta ba da aisotof ba sam.

In an rubuta kabon-14, lambar bayan sunan ita ce A: 14 cire 6, saura 8. Yuraniyam irin wanda ake haƙowa a Arlit ta Nijar, Z ɗinsa 92, don haka 235 na da niyutiron 143, 238 na da 146.

Alamar caji kuma kada ta ruɗe ka. Na⁺, wato sodiyam mai caji, ilektiron ɗaya ya rasa, niyutiron ɗinsa na nan 12. In ka lissafa haidirojin-1 ka samu sifili, daidai ne, rubuta abinka.