Kurakuran Ɗaliban Tarihi a Darasin Tsofaffin Dauloli, da Yadda Ake Gyara Su

Inda ɗalibanmu na Bauchi da Gombe suka fi zubar da maki a wannan darasi shi ne lissafin shekaru. Shekarun BC, wato kafin haihuwar Annabi Isa (AS), baya-baya suke tafiya: 1750 BC, lokacin Hammurabi na Babila, ta riga 500 BC. Ƙarni ma yana rikita mutane. Ƙarni na 5 BC ya fara daga 500 ya ƙare a 401, kuma babu shekarar sifiri, daga 1 BC sai 1 AD (wato bayan haihuwar Annabi Isa). Maganin abin shi ne ka ja dogon layi a bangon littafinka, duk daular da aka koyar ka sa ta a gurbinta. Nan take za ka ga cewa babbar dalar Giza ta Masar, wadda aka gina wajen 2560 BC, ta girmi Kiliyofatara, sarauniyar Masar da ta mutu a 30 BC da shekara kusan 2,500. Wanda ya ga haka ba zai ƙara rubuta "zamanin Fir'auna" kamar zamani ɗaya ne ba.

Sai gwajin kabon, wanda ake gano shekarun tsofaffin abubuwa da shi. Da yawa suna rubuta cewa da shi aka auna shekarun dutse ko gatarin dutse. Ba ya aiki sai a kan abin da ya taɓa rayuwa: gawayi, ƙashi, itace, ƙwayar hatsi. Rabin kabon-14, sinadarin da gwajin ke aunawa, yana zagwanyewa a duk shekara 5,730, kuma bayan shekara kamar 50,000 gwajin ba ya da amfani. Idan ka ga BP (wato "kafin yanzu") a bayan adadin shekaru, daga 1950 ake ƙirgawa, ba daga bana ba. Kada ka yar da alamar ± da ke biye da adadin, ita ke nuna tazarar kuskure. Kwalekwalen Dufuna da aka gano a Yobe a 1987 itace ne, shi ya sa aka iya cewa ya kai shekara 8,000.

Wani kuskuren shi ne ɗaukar duk tsohon marubuci a matsayin ganau. Hirodotus, marubucin tarihi ɗan Girka, ya yi rubutu kan dalolin Masar a ƙarni na 5 BC, shekara 2,000 bayan gina su, don haka jiyau ne. Kowane bayani ka tambaye shi: wa ya rubuta, yaushe, don wa?

Abin da ya fi ciwo yana faruwa ne a fita fili. An kai ɗalibai wurin tsofaffin matoyan tama na Ampara a Yankari, ko wani kufai, sai kowa ya cika aljihu da tsingaro da kashin maƙera. Abin da aka ɗauke daga mazauninsa ya rasa yawancin labarinsa, domin zurfin da yake da abin da ke kewaye da shi su ne hujja. Mutum-mutumin Nok da masu haƙar sata suka fitar haka suka zama, ga kyau, babu bayani. Ka ɗauki hoto da ma'auni a gefe, ka rubuta wurin da kwanan wata, ka bar abin inda yake. Zanen duwatsun Geji da Shira kuwa ba a shafa masa ruwa don ya fito a hoto, ba a bin sa da alli, domin launin yana lalacewa kuma ba ya dawowa.