Ka nemi likitan gaggawa tun kana lafiya

Daren da numfashin Baba ya sarƙe, wajen ƙarfe biyu, mun ɓata kusan awa guda muna zagaye a Jos. Asibitin kuɗin da muka fara tsayawa nas ɗaya muka tarar, likita kuwa sai an taso shi daga gida. Allah ya sa da sauran kwana.

Shi ya sa nake cewa ka je ka duba asibiti da rana tsaka, lafiyarka ƙalau. Ka tambayi mai ba da kati kai tsaye: akwai likitan da ke kwana a sashen gaggawa? Akwai iskar oksijin? Janareta na tashi in an ɗauke wuta? Asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) da ke Lamingo na karɓar masu gaggawa dare da rana, sai dai ka auna nisansa da unguwarku.

Batun takardu, kada kunya ta hana ka. Duk likitan da ke aiki a Najeriya dole ya yi rajista da hukumar kula da aikin likitoci ta ƙasa (MDCN), ya kuma sabunta lasisinsa kowace shekara. Ka nemi ganin na bana, likitan kirki ba zai ji haushi ba.

In kana da katin inshorar lafiya na hukumar NHIA ta tarayya ko PLASCHEMA ta jihar Filato, ka kira ofishinsu ko kamfanin da ke kula da inshorarka (HMO) ka tabbatar asibitin na cikin jerinsu, kada ka tsaya ga allon bakin ƙofa. Dokar lafiya ta 2014 ta haramta a ƙi duba mai buƙatar agajin gaggawa. Ni dai kwafin katin Baba da sunayen magungunansa suna cikin motata kullum.