Yadda za ku gane girman gurbin ajiyar faifanku da Notepad kawai

Jama'a, in kuna son sanin girman gurbin da faifan kwamfutarku ke yanka wa fayil, kada ku ƙona data wajen sauke wata manhaja. Notepad ya isa.

Ku buɗe shi, ku cika shi da haruffa kamar 1,000, ku adana a kan faifan da kuke son dubawa. Sai ku danna ɓangaren dama na linzami a kan fayil ɗin, ku shiga Properties. Adadin da ke gaban Size on disk shi ne girman gurbin.

Dalili kuwa, faifai ba ya ba da rabin gurbi. Komai ƙanƙantar fayil, gurbi guda yake cinyewa. A NTFS, tsarin da Windows ke adana fayiloli da shi a faifai, yawanci bytes 4,096 za ku gani, wato 4KB.

Amma fa kada ku yi rowar rubutu. In haruffa biyu-uku kuka sa, NTFS zai cusa su cikin kundin fayilolinsa, ya nuna muku 0. Haka in an matse faifan (wato compress), ko gurbinsa bytes 512 ne, lissafin zai ruɗe ku.

In haka ta faru, ku buɗe Command Prompt da izinin mai kula da kwamfutar, ku rubuta chkdsk D: (ku sa harafin faifanku). Can ƙasan sakamakon zai faɗi girman. Ni na fi yarda da wannan a kan filashi mai tsarin adana fayiloli na FAT32 ko exFAT.

Canza girman kuwa yawanci sai an yi fomat, kuma fomat na share komai. Ku fara kwashe fayilolinku.