Kafin ka ce furosesa ta gaji, taɓa ƙasan laftof ɗinka

Na daɗe ina gyaran kwamfuta a Gusau, kuma da zarar watan Maris ya kama, kukan masu kawo gyara ɗaya ne: "Malam, kwamfutata ta yi nauyi." Sau da yawa furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa ayyukan kwamfuta, ba ta da laifi, zafi ne ya takura ta.

Idan zafinta ya doshi digiri 100, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. To ga bazararmu da ke haura digiri 40, ga ƙurar da hunturu ya bari a ciki. Kwanan baya wata ɗaliba ta kawo mini laftof ɗinta, har ta fara cigiyar sabuwa. Ina buɗewa na tarar ƙura ta dunƙule a bakin fanka kamar audugar tsohuwar katifa, man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen janye zafi kuma ya bushe ƙayau. Na share, na shafa sabo kamar ƙwayar wake, ta dawo garau.

Don haka fara da wannan: ka daina ɗora ta a kan katifa ko darduma, nemi tebur, kuma a share fankar ko da sau ɗaya ne bayan hunturu.

Daga nan danna Ctrl, Shift da Esc tare, Task Manager, wato shafin Windows da ke nuna yadda sassan kwamfuta ke aiki, zai buɗe. Idan RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi ta ayyukan da ake kan yi, ce ta cika, ko faifan ajiya ya tsaya a kashi 100, furosesar zaman jira kawai take yi. Ƙara RAM daga 4GB zuwa 8GB, ka sa SSD, wato ma'ajiya mai sauri, a madadin tsohon faifai. Duba caja ma, domin wasu laftof suna rage gudu idan ba su gane cajar ba.

In saye za ka yi, don Allah kada tambarin furosesa na i7 ya ruɗe ka. Wannan yana ci mini rai, ganin yadda ake cutar mutane da shi. Karanta lambar da ke biye. Core i7-3520M ta 2012 ce, zubi na 3, core biyu gare ta, wato sassan aiki biyu a cikinta. Core i5-8250U kuwa ta 2017 ce, zubi na 8, mai core huɗu, kuma ta fi waccan aiki nesa ba kusa ba. Ka sa mai shago ya buɗe maka Task Manager ka ga lambar da idonka kafin ka ƙirga kuɗi.