Masu haƙar ma'adinai a wasan sararin samaniya na Elite Dangerous, ku fara gyara na'urar bincike

Jama'a, kafin ku zuba kuɗi a sabon jirgi, ku duba Prospector Limpet Controller ɗinku, wato na'urar da ke sarrafa limpet masu binciken dutse (limpet ƙananan jirage ne marasa matuƙi da kuke saki daga jirginku). Ku sa mai daraja A, ko da ƙaramin 1A ne, domin darajar ce ke ƙara yawan gutsattsarin da dutse zai fitar. Girman na'urar kuwa, wato lambar da ke cikin 1A, yawan limpet da za ku saki lokaci guda yake ƙarawa.

Ku harba Detailed Surface Scanner, wato na'urar leƙen saman duniyoyi, kan zoben duwatsun da ke kewaye da duniyar da za ku haƙa tukuna, zai nuna inda ma'adinai suka taru. Mai neman filatinam ya nufi zoben ƙarfe (Metallic).

Inda sababbi ke yawan tafka asara shi ne wajen limpet masu kwaso gutsattsarin. In kun saki ɗaya alhali kun saita wani gutsure, shi kaɗai za ta ɗauko ta mutu. Ku cire saitin kafin ku sake ta, sannan ku buɗe ƙofar kaya. Kowace limpet tana cin gurbin tan ɗaya, don haka ku cika wajen rabin rumbu da su tun a tasha.

In lezar haƙa tana yawan ɗaukewa, wuta ce ta gaza: ku mayar da pip huɗu, wato ɗigon rabon wutar jirgi, ɓangaren makamai.