Yadda Ɗan Zariya Zai Shirya wa Intabiyun Neman Gurbin Karatun Likita

Ba kowane mai neman karatun likita ne ake zaunar da shi gaban kwamiti ba, saboda haka ya kamata a fara da fayyace wanda wannan bayani ya shafa. Wanda ya nemi gurbi a Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962 kuma ta buɗe tsangayar likitancinta a 1967, abin da ya fi yanke masa hukunci shi ne makin da ya samu cikin 400 a jarrabawar JAMB, a Turanci da Bayoloji da Kimistiri da Fiziks, sai tantancewar jami'a da sakamakon WAEC ko NECO. Intabiyu yana shigowa ne ta wasu ƙofofi: neman tallafin gwamnati na karatu a ƙasashen waje irin su Masar, wasu jami'o'i masu zaman kansu, da kuma makarantun Ingila, inda da wuya a ɗauki ɗalibin likita ba a ji bakinsa ba. Mai nufin Ingila zai shigar da takardunsa ta UCAS, hukumar da ke karɓar takardun neman gurbin jami'o'in ƙasar, zuwa 15 ga Oktoba, ba zai zaɓi makarantun likita fiye da 4 ba, yawancinsu kuma za su nemi sakamakon UCAT, jarrabawar gwada basirar masu neman karatun likita, kafin su kira shi.

Duk wanda aka kira, an riga an ga makinsa, kuma an yarda yana da ƙwaƙwalwa. Abin da ya rage wa kwamiti shi ne su gane ko wannan yaro ko yarinyar sun taɓa tsayawa kusa da marar lafiya sun lura da halin da yake ciki, kuma ko za su iya yin tunani a fili idan an jefa musu tambayar da ba su haddace amsarta ba. A nan ɗalibanmu suka fi tuntuɓe, domin tun daga makarantar allo har zuwa aji shida na sakandare hadda ce take fitar da mutum kunya, alhali malamin da ya saurari mutum talatin tun safe yana gane haddatacciyar amsa tun daga jimlarta ta farko.

Intabiyun iri biyu ne, kuma wasiƙar gayyata takan faɗi wanda za a yi. Akwai na kwamiti, inda mutum biyu ko uku ko fiye za su zauna da kai su yi ta tambaya. Akwai kuma wanda ake kira MMI, wanda Jami'ar McMaster ta Kanada ta ɓullo da shi a farkon shekarun 2000, inda ake jera tashoshi da yawa, kowace da mai ba da makinta, ka yi 'yan mintuna a wannan a kaɗa ƙararrawa ka wuce ta gaba. A wata tashar za a ba ka matsalar ɗa'a, a wata a ce ka yi wa wani bayanin abu mai wuya da sauƙin harshe, a wata kuma ka tarar da mai wasan kwaikwayo da aka sa ya yi fushi ko ya yi kuka domin a ga yadda za ka bi da shi. Amfanin wannan tsari a gare ka shi ne mai makin tasha ta huɗu bai san ka yi ɓaranɓarama a ta uku ba, don haka ka bar ta a bakin ƙofa.

Shiri na gaskiya yana farawa watanni kafin gayyata, kuma ɗan Zariya ba shi da uzurin cewa bai ga asibiti ba. Ga asibitin koyarwa na Shika, ga babban asibitin Hajiya Gambo Sawaba a cikin birni, ga tsohon asibitin mishan na Wusasa, ga kuma ƙananan asibitocin unguwa inda ake awon ciki da rigakafin yara. Ka nemi izini a rubuce ta hannun makarantarka ko wani likita da ya san gidanku, ka yi ko da mako biyu kana kallo. Idan hakan bai samu ba, jinyar da ka yi wa kakarka ko ƙaninka ita ma ilimi ce, muddin ka lura da abin da ya wakana: wa ya fara ganin marar lafiyar, tsawon wane lokaci aka jira, me nas ta yi wanda likita bai yi ba, da kuma yadda fuskar mahaifinka ta canja lokacin da aka miƙo masa takardar kuɗin magani. Kowane dare ka rubuta abu ɗaya da ka gani da abin da ya sa ka tunani. Kada ka rubuta sunan kowa, kada ka ɗauki hoto, kuma ranar intabiyu kada ka faɗi abin da zai sa a gane mutumin, domin kwamiti yana sauraron yadda kake riƙe sirri tun daga yadda kake ba da labari.

Wannan littafin naka shi zai cece ka daga tambayar da ba ta taɓa tsallake kowa ba, wato me ya sa kake son zama likita. Kusan kowa cewa yake yi yana son taimakon al'umma, kuma amsar da kwamiti ya tanada ita ce malamin makaranta ma yana taimakon al'umma, haka nas, haka mai haɗa magani. Wanda ya ce ya ga an kawo mai naƙuda daga ƙauye a bayan a-kori-kura bayan ta kwana biyu a gida, ya ga yadda likita ya tsaya ya shawo kan mijin kafin a shiga da ita tiyata, kuma tun ranar yake tambayar kansa dalilin jinkirin, wannan ya ba su abin da za su kama su ci gaba da hira. Idan gaskiyar ita ce iyayenka ne suka fara cusa maka ra'ayin, ba laifi ba ne ka faɗa, amma sai ka nuna lokacin da ra'ayin ya zama naka.

Tambayoyin ɗa'a su ne suka fi cancantar lokacinka. Akwai ginshiƙai huɗu da ake koyarwa a makarantun likita ko'ina: mutunta zaɓin marar lafiya, yi masa abin da zai amfane shi, kauce wa cutar da shi, da adalci wajen rabon abin da ake da shi. Haddace su aikin minti biyar ne, wahalar tana wajen da biyu daga cikinsu suka yi karo, kuma a ƙasarmu kullum karo suke yi. Ɗauki misalin 'ya'yan da suka ja likita gefe suka roƙe shi kada ya gaya wa mahaifinsu cewa ciwon daji ne da shi, don kada hankalinsa ya tashi. A al'adarmu wannan jinƙai ne, kuma kada ka yi gaggawar kiransa jahilci. Amma jikin na tsohon ne, shi yake da haƙƙin sanin abin da ke damunsa idan yana so, wataƙila ma akwai wasiyya ko bashi da yake son ya warware. Amsa mai kyau za ta fara da sauraron tsoron 'ya'yan, sannan a tambayi tsohon a hankali iya abin da yake son a faɗa masa da wanda yake son ya zauna kusa da shi, ba tare da an yi masa ƙarya ba, kuma ɗalibi ya nuna ya san cewa zai nemi shawarar na gaba da shi. Haka za ka auna batun mijin da ya zo neman sakamakon gwajin matarsa ba da saninta ba, ko saurayi da budurwa da gwaji ya nuna dukansu AS ne, inda kowane ciki yake da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da sikila. Aikin likita a nan shi ne ya bayyana musu lissafin sarai, hukuncin auren kuwa nasu ne. Idan aka tambaye ka game da wanda ya fara kai karayarsa wajen mai ɗori kafin ya zo asibiti, ka tuna cewa wanda aka yi wa faɗa yau ba zai dawo gobe ba.

Ba a sa ran ka san magani, amma ana sa ran ka san ciwon garinku. Ka iya magana a kan zazzaɓin cizon sauro, wanda Nijeriya take ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da shi a duniya, da sanƙarau da ke tashi da zafin bazara, da mashaƙo da ya yi ɓarna a Kano a 2023, da yoyon fitsari da alaƙarsa da doguwar naƙuda. Ka san cewa a watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar shan-inna, kuma ka iya bayanin rawar da sarakuna da malamai suka taka wajen dawo da amincewar iyaye bayan an dakatar da rigakafin a Kano a 2003. Abu biyu da ka fahimta da kyau sun fi goma da ka ji sunansu kawai.

Ka kuma san tsawon hanyar da kake nema. A Nijeriya shekara 6 ne a jami'a, sai shekara guda ta aikin horo a asibiti kafin MDCN, hukumar da ke yi wa likitoci rajista, ta ba da cikakken lasisi, sai hidimar ƙasa, wanda ya yi karatu a waje kuma sai ya ci jarrabawar hukumar kafin ya taɓa marar lafiya a gida. Masu ba da tallafi sukan tambaya ko za ka dawo, domin sun san yawan likitocin da ke ficewa. Kada ka yi rantsuwar da ba a nema ba, ka faɗi inda kake son yin aiki da dalili. Ba sabuwar hanya ba ce ga mutanen nan: Dakta Barau Dikko, likita na farko daga Arewa, wanda asibitin koyarwa na Kaduna yake ɗauke da sunansa, daga Wusasa ya tashi ya je Birmingham ya dawo.

Sai batun kunya. An rene mu a kan sunkuyar da kai gaban manya da cewa yabon kai jahilci ne, kuma farfesan da ya tashi a Zazzau zai fahimci hakan, amma Baturen da ke kallonka ta kwamfuta zai ɗauka tsoro ne ko ɓoye wani abu. Ka koyi ɗaga kai ka dubi mai tambaya, ka ɗaga murya yadda ba sai an ce ka maimaita ba, kuma idan aka nemi ka faɗi abin da ka iya, ka ba da labarin abin da ka yi maimakon jero siffofi. Mace ma haka, hijabinta ba ya hana a ji muryarta. Ka samu malaminka ko ɗalibin likita na aji huɗu ko biyar ya yi maka gwaji da Turanci, da agogo a gaba, aƙalla sau uku, ka naɗi muryarka a waya ka saurara. Idan ba ka gane tambaya ba ka roƙi a maimaita, idan ba ka san amsa ba ka ce ba ka sani ba, sannan ka faɗi yadda za ka bi ka gano.

Idan ta intanet za a yi, ka tabbatar da bambancin agogo, domin Landan tana bayanmu da awa guda a lokacin sanyinsu, a lokacin zafinsu kuma agogonmu ɗaya. Ka cika kwamfuta da caji tun dare, ka tanadi layin waya na biyu, ka zaɓi ɗakin da ƙarar janareta da ta yara ba ta kai ba, haske kuma ya kasance a gabanka. Idan kuwa Kaduna ko Abuja za ka je, ka kwana a can. Ka tafi da takardunka na asali da kwafinsu, har da takardar haihuwa da ta shaidar ƙaramar hukuma da ƙananan hotuna, kuma tun yanzu ka duba ko sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya ne a kan dukansu, domin gyaran harafi guda a takardar jarrabawa yana iya cin makonni.