Yadda za ka gane gidan da kuɗinsa zai tashi a Kano

Sana'ata dillancin gidaje da filaye ce, kuma tambayar da aka fi yi mini ita ce: "Malam, in saya a cikin gari ko in fita bayan gari?" Kafin in amsa nakan ce wa mutum ya raba abu biyu a ransa, gini daban, ƙasa daban. Gini tsufa yake yi. Kwano ya yi tsatsa, bango ya tsage, yayin taga da tayil ya wuce. Ƙasar da ke ƙarƙashinsa ita ce take tashi. Shi ya sa za ka ga tsohon gidan Turawa a Nassarawa GRA ko Bompai an saye shi da maƙudan kuɗi, washegari an kawo katafila. Ba gidan aka saya ba, fili aka saya.

To idan za ka yi wa gida kuɗi, fara da tambayar nawa ake sayar da fili irinsa a layin, babu komai a kai. Sannan ka kira magini ya ƙiyasta maka abin da ginin zai ci a yau, ka rage masa tsufa. Idan mafi yawan kuɗin da ake nema na gini ne, wato katon gida mai ado a unguwar da fili ke da araha, to a hankali kuɗinsa zai tashi. Ƙaramin gida a wuri mai tsada ya fi shi gudu.

A cikin gari, abin da ke ɗaga kuɗi shi ne ƙarancin wuri da kasuwa. Fagge tana jikin Kantin Kwari, Sabon Gari tana da kasuwarta da Singa a kusa, kuma duk gidan da ke bakin titi a wuraren nan ana kallonsa ne a matsayin shaguna da sito, ba wurin kwana ba. Haka titin Zoo Road ya koma, musamman bayan buɗe Ado Bayero Mall a 2014: gidajen zama sun zama filaza ɗaya bayan ɗaya. Amma kada wannan ya ruɗe ka. A unguwa guda, gidan bakin titi da na cikin lungun da mota ba ta shiga ba sa tafiya tare ko kaɗan. A cikin badala, irin su Yakasai da Dala, gidan lungu yawanci ɗan unguwa ne kawai ke sayensa, don yana son zama kusa da iyaye. Masu saye kaɗan ne, don haka kuɗin ma a hankali yake motsi. Ga kuma rigimar gado. Gidan da magada goma sha suke da haƙƙi a kai, in ba kowa ya sa hannu ba ko kotu ta raba, ni ba na kai mutumina wurin.

Bayan gari lissafinsa daban ne, kuma nan ne ake samu, nan ne kuma ake ƙonewa. Fili a can ba ya tashi a hankali kamar na cikin gari. Yakan yi shekaru a kwance, sai wani abu ya zo, ya yi tsalle, ya sake kwanciya. Aikinka shi ne ka gane abin da zai zo. Dubi titin Gwarzo: sabon mazaunin Jami'ar Bayero ne ya ja Rijiyar Zaki da Danbare har zuwa Janguza, domin malamai na neman wurin gini, ɗalibai na neman haya. Dawanau kasuwar hatsi ce ta raya ta. Zawaciki ta samu tashar tsandauri ta Dala, wato tashar sauke kwantenonin kaya a kan tudu, da aka ƙaddamar a farkon 2023. Dangwauro a titin Zariya ta samu kasuwar magunguna da aka mayar da 'yan magani na Sabon Gari cikinta. Kowanne a cikin waɗannan abu ne da ke kawo mutane kullum, da safe su zo, da yamma su nemi wurin kwana.

Alƙawarin gwamnati kuwa ba ya cikin lissafina sai na ga an zuba kwalta. Ko an yi ginin ma, sai mutane sun tare. Rukunin gidajen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo an gina su tsakanin 2011 da 2015 da tituna masu kyau, amma an daɗe gidaje da yawa a cikinsu babu kowa. Wanda ya sayi fili a gefensu yana jiran tsalle nan take, ya sha jira.

Idan ka je ganin wuri a bayan gari, ƙirga kangwaye da gidajen da aka tare. Kango da yawa alama ce ta masu ajiye kuɗi, ba masu zama ba. Nemi makarantar Islamiyya, mai shayi, kemis, taransifoma, ka tambayi ɗan adaidaita nawa zai kai ka Bata ko Kabuga daga nan. Tambayi maƙwabta zurfin da ake haƙawa kafin rijiyar burtsatse ta ba da ruwa. Kuma don Allah ka je da damina, a watan Agusta, bayan an sheƙa ruwa. Filin da aka cike kududdufi aka yanka, da rani ba ka bambanta shi da tudu.

Sai takarda. Tun Dokar Amfani da Filaye ta 1978, ƙasar birni tana hannun gwamna ne, kai haƙƙin zama ake ba ka, yawanci na shekara 99. Fili awon gwamnati mai shaidar mallaka ya fi awon igiya, wato filin da masu gona suka yanka da kansu, tsada tun farko, kuma ratar ƙaruwa take yi, saboda titunansa a fitar suke, banki na karɓar takardarsa, kuma baƙo daga Abuja zai iya saye hankalinsa kwance. Awon igiya da takardar mai unguwa, unguwanni da yawa na Kano a kansa suke zaune, amma masu yanka sukan matse hanya don su ƙara fuloti, shekara goma a gaba unguwar ta zama lungu. Je ka KANGIS, hukumar adana bayanan filaye ta Kano, ka bincika lambar fili, ka tabbatar a KNUPDA, hukumar tsara birane ta Kano, cewa ba hanya ba ce, ba makaranta ba, ba ƙarƙashin babbar wayar wuta ba. Rusau ɗin watan Yunin 2023, da ya ci gine-ginen tsohon otal ɗin Daula da shagunan filin Idi, ya nuna cewa ko mai takardar gwamnati a hannu yana bukatar ya tambayi asalin filin.

Abu na ƙarshe shi ne awon ribar kanta, kuma nan mutane suka fi yaudarar kansu. A ce ka sayi gida naira miliyan 20 a farkon 2023, aka taya shi miliyan 30 bayan shekara guda, kana murna. A lokacin da ka saya buhun siminti bai wuce naira 5,000 ba, kuɗinka buhu 4,000 ne. A farkon 2024, bayan an saki naira ta nemi farashinta, buhu ya kai 10,000 a wurare da dama, miliyan 30 ɗinka buhu 3,000 ce. Adadi ya ƙaru, ƙarfin kuɗin ya ragu. Hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024, don haka duk gidan da bai tashi haka ba a shekarar, baya ya ci. Cire la'ada, wadda galibi kashi 5 ce, cire gyara da harajin ƙasa. Sannan ka ƙara kuɗin haya in akwai, domin gidan Hotoro ko Tarauni da ke kawo haya duk shekara yakan kamo filin Janguza da ke zaune ba ya kawo ko sisi, sai ma kuɗin katanga da na mai gadi da yake ci.